Kaset Ɗin da Aka Ɗauke Ranar Jana'izar Sani Japan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina durƙushe gaban tanda, ko wainar farko ban juya ba. Iya Bose, maƙwabciyata mai sayar da wake, ita ce ta zo a guje ba ko takalmi, ta ce, "Iya Safiya, Malam Japan ya tafi fa."

Na ce ya tafi ina, mutumin da ko Oshodi ba ya zuwa sai dole?

Ta ɗora hannu biyu a ka. Sai na gane.

Kafin 'yan gida ku fara kirana, ga yadda muke. Maigida lafiya lau, yana wurin gadinsa a Ilupeju, sai dai gwiwar nan da ta hana shi sujada daidai. Autana Habibu ya warke daga zazzaɓin, har ya koma fitina. Ni hawan jinin nan ne, ina shan magani in na tuna. 'Yata Safiya ce ba lafiya. Sikilarta ta tashi tun makon jiya, tana kwance a asibiti ana ƙara mata ruwa. Ba ta san Malam Sani ya rasu ba. Duk wanda ya je duba ta, don girman Allah ya kama bakinsa, kuma kada ya miƙa mata wayarsa.

Ba kuka na zo yi muku ba. Na yi kukana a gaban tanda har waina ta ƙone. Yabon mutumin kirki na zo yi, sannan in yi magana da wani, kuma ya san kansa.

Waɗanda ba ku san mamacin ba, Malam Sani mai gyaran rediyo da talabijin ne a layinmu, bayan titin jirgi a Agege. Mutumin Funtuwa ne, ya shigo Legas yana saurayi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. 'Ya'yan layi su ne 'ya'yansa. Ni kuwa uwar ɗakinsa yake ce min, don kullum waina uku yake ci a wurina, ya ce in ƙara yaji, in na ƙara ya ce na so kashe shi.

Ana kiransa Japan ne saboda wani wasan gem da ya shiga ransa. Sunan wasan na gaskiya ba ya zama a bakina, da yaren can yake. Yaran layi suka raɗa masa Mai Fitila, don wanda kake tuƙawa a ciki yaro ne riƙe da fitila yana bin ƙauyuka.

Ni ban taɓa buga shi ba. Amma tarihinsa na sha ji har na haddace, domin Malam Sani ba ya gajiya da faɗa.

Kashi-kashi wasan ya fito. Na farkon a cikin buhun matattun rediyo ya tsince shi, kayan tokumbo, kwancen ƙasar waje, da ya sayo a kasuwar Jankara. Kaset ne mai launin toka, takardar jikinsa ta yage rabi. Hotonsa kamar ɗinkin hula, ɗigo-ɗigo, sai ka ja da baya kake gane mutum ne. A cikinsa za ka bi hanya da fitila da sanda, duk dodon da ya tare ka, ka maka masa.

Ranar da na fara leƙa shagon na ga wata dabba mai wutsiya rututu a talabijin, na ce, "Malam, wannan ba aljanu ba ne?"

Ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen dalmarsa. Ya ce, "Uwar ɗakina, kakarki ba ta yi miki tatsuniyar dodon rijiya ba?"

Na ce ta yi.

Ya ce, "To su ma suna da kakanni. Samarinsu ne suka bi tsofaffi suka kwashi tatsuniya suka zuba a akwati. Mu tamu muna nan mun bar ta tana mutuwa a bakin tsofaffi."

Na biyun shi ya fi so. Ya ce a nan masu yin wasan suka yi hankali, suka rage duka. In ka haɗu da dodo sai ka gaishe shi, ka tambaye shi me ke damunsa. Akwai wani na bakin kogi, kamar kififiya, da ɗan ruwa a tsakar kansa, ƙarfinsa duk a ruwan yake. In ka rusuna ka gaishe shi, dole ya rusuna ya amsa, ruwan ya zube, faɗa ya ƙare. Malam Sani yakan ce, "Wannan dai Bahaushe ne. Ko zai mutu sai ya amsa gaisuwa."

Na ukun a faifai ya zo, da murya da kiɗa. Lokacin ne shago ya riƙa cika, yaran Hausawa da na Yarabawa a kan benci ɗaya, ba mai jin abin da ake faɗa a ciki, kowa na fassara da son ransa.

Na huɗun kuwa in kana son ɓata masa rai ka ambace shi. Wai sun so su burge Turawa, suka cire fitila suka sa bindiga da mota. Ya ce, "Sun sa wa tsohuwa wandon jins." Mutane suka ƙi shi, masu yin wasan suka yi shiru shekara da shekaru, kowa ya ɗauka ya mutu. Sai da yaran da suka buga na farko suka girma suka shiga aikin, sannan aka dawo da fitila. Yanzu har a waya ana yinsa, Safiya na da shi.

Duka yana da su, a jere, cikin akwatin ƙarfe shuɗi. Har na huɗun bai yar ba. Ya ce ɗan banza ma ɗa ne.

Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba daga na farko har na waya: wata tsohuwar laima mai ido ɗaya da ƙafa ɗaya tana tsalle. Ya ce a tatsuniyarsu, kayan da ya daɗe yana yi wa mutum hidima, aka tashi aka yar da shi ba ko godiya, yakan tashi ya nemi wanda ya wulaƙanta shi. Yakan nuna tulin rediyon da ke bayansa ya ce, "Duk abin da Japan ta yar, Legas yake sauka. In za su tashi, a shagona za su fara. Shi ya sa nake gyara su, ina ba su haƙuri."

Ku riƙe maganar laimar nan, zan dawo kanta.

Yanzu abin da ya haɗa ni da kaset mai launin toka.

Kafin Safiya ina da ɗa namiji. Shi ma da sikila aka haife shi. Yara na buga ƙwallo a bakin titin jirgi, shi yana zaune yana kallo, in ya gwada gudu kwana uku ba ma barci. Malam Sani ne ya kira shi wata rana, ya sa masa matashi a benci, ya ɗora masa abin dannawa a cinya. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. In ciwo ya taso ya hana shi fita, sai in ga Malam Sani a ƙofa ɗauke da ƙaramar talabijin a ka kamar mai talla, yana cewa, "Ina jarumin? Dodanni sun ce sun ji shiru."

Na farkon yaron ya zaɓa, tsohon nan da sauran yara suka raina. Ya bi shi a hankali, wata da watanni, har ya kai wata gada da ke gaban dutsen ƙarshe. A nan ya ajiye, ya ce sai ya ji sauƙi zai haye.

Bai ji sauƙin ba.

Ɗan fari ne. 'Yan gida kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ranar suna har ranar da aka ɗauke shi a makara, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Iya Bose har faɗa take min, ta ce, "Wane irin abu ne wannan, ka haifi ɗa kana jin kunyarsa?" Na ce haka muka taras.

Hotonsa ɗaya da muke da shi ruwan da ya shiga ɗaki ya cinye. Kabarinsa ban san shi ba, mata ba ma zuwa.

Bayan arba'in Malam Sani ya aiko a kira ni. Ya kori yara, ya sa kaset ɗin, ya kunna. Ga ɗan mutum tsaye a kan gada, fitilarsa na ci. A sama akwai wasu zane guda huɗu.

Ya ce, "Kin ga wannan? Sunansa ne. Shi ya zaɓi haruffan da hannunsa."

Na tsaya ina kallo. A lokacin ban san ko harafi ɗaya ba. Ga sunan ɗana a gabana, bakina bai taɓa faɗarsa ba, idona kuma ya kasa karanta shi.

A makon na shiga ajin manya da furfurata. 'Yan mata na dariya, ban kula ba. Kalmar farko da na karanta da kaina a duniya, a shagon Malam Sani na karanta ta, a zuciya. Duk rubutun nan da kuke karantawa daga can ya samo asali.

Tun daga nan duk Juma'a in na tashi daga waina sai in biya. Ba ya tambaya ta komai. Zai kunna, in duba, in ga yana nan tsaye a gadarsa, in ce an gode, in wuce. Ba wanda ya taɓa matsar da shi ko taku ɗaya. Safiya ta ce ita za ta haye masa gadar, ranar da zuciyarta ta iya.

Abin da yawancinku ba ku sani ba, irin wannan tsohon kaset ɗan batir ne a cikinsa, kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da abin da aka ajiye. In ya mutu, komai ya tafi. In ka cire shi haka kawai don ka sa sabo, nan ma komai ya tafi. Dole sai kaset na kunne, wuta na tafiya a jikinsa, sannan a zare tsohon a liƙa sabon. Wuta ta ƙifta ko sau ɗaya, shi ke nan.

A Agege. Inda wuta ke ƙiftawa ko atishawa ka yi.

Ranar da ya fara canza shi layinmu ba za su manta ba. Aka aro janareta aka cika shi da mai. Iya Bose ta tsaya a kansa da taɓarya, ta ce duk ɗan da ya taɓa wayar nan yau uwarsa za ta haifi wani. Wani ɗan okada ya zo zai sa cajin waya, ta ce, "Oga, ko gwamna ne ke kiranka, ya jira." Malam Sani na ciki gumi na ɗiga daga haɓarsa, Safiya na riƙe masa tocila, ni ina bakin ƙofa ina karanta duk abin da na iya. Da ya gama ya kashe, ya sake kunnawa.

Yana nan a gadarsa.

Malam Sani ya share fuska ya ce, "Uwar ɗakina, yau waina biyar zan ci."

Daga baya ya koya wa Safiya aikin, a kan wasu kaset da ba kowa a ciki. Ya ce hannunta ya fi nasa natsuwa.

Wannan shi ne mutumin da aka binne yau.

Yanzu kai.

Ba zan rubuta sunanka ba tukuna. Mai Lasifika zan kira ka, duk Agege ta bayan titin jirgi ta san wa ke rataya lasifika a wuya yana zaga layi ba wanda ya sa shi. Kai ba limami ba, ba na'ibi ba, ko ladan ba a taɓa ba ka ba.

Bara ka buɗe baki a kan Malam Sani. Ka ce yana tara aljanun Japan a akwati. Ka ce yaran da ke shiga shagonsa ba sa fitowa da imaninsu. Limaminmu da kansa ya ce maka tatsuniya ce, abin da za a kula kawai kada ta hana yaro salla, kuma kowa shaida ne Malam Sani na jin kiran salla yake kashe komai ya kora su masallaci. Ba ka ji ba.

Sannan ka faɗi wadda ba zan yafe ba. Ka tsaya daidai tandata, lasifika a baki, ka ce akwai yaron da dodannin akwatin suka shanye wa jini har ya mutu, uwarsa kuma har yau tana zuwa gaishe su duk Juma'a.

Ɗana ka faɗa. Yaron da likita ya gaya min ciwonsa tun yana goye.

Iyaye suka tsorata suka janye 'ya'yansu. Mai gidan da shagon yake, dattijon da ba ya son hayaniya, ya yanke masa wuta ya ce ya tashi. Ba a yi wata ba ƙaninka ya buɗe wurin cajin waya a shagon. Sai a lokacin muka gane wane aljani ne ke damunka.

Malam Sani ya koma wani ɗan ɗaki a bayan layi, ba wuta, ba taga ta kirki. Mai gyaran talabijin ba wuta. Ya rame, jininsa ya hau. Ajali na Allah ne, na sani, ba sai an tuna min a ƙasan rubutun nan ba. Amma Allah da ya rubuta ajali ya kuma rubuta abin da kowa ya aikata.

Ganina da shi na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Na kai masa kunu, don waina ta daina shiga. Ba halin kunna komai, sai ya buɗe akwatin ya ɗauko kaset ɗin ya ɗora min a tafin hannu, na riƙe, ya mayar. Na so in tafi da shi, ya ce ɗakina yoyo yake, ga Habibu da ba abin da ya bari.

Ya ciro wani ɗan abu a naɗe cikin leda ya ba ni. Ya ce, "Sabon batir ne, har Isolo na aika aka nemo. Na auna na ciki, ya yi ƙasa sosai. In Safiya ta fito ku aro janareta. Kaset ɗin nata ne, na faɗa a gaban maigidanki da Iya Bose."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ɗaga hannunsa, yana rawa. Ya ce, "Wannan ya yi ritaya."

Na ce masa har yaushe zai bar mutumin nan yana yawo da lasifika ba a taka masa birki ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Bar shi, Uwani. A na biyu ba a duka. Tambayar dodo ake yi, me ke damunka."

Na ce, "Ni a na farko na tsaya, Malam. Mai sandar."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Dariyarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Yau bayan azahar aka yi masa salla. Kai ne a sahun gaba, Mai Lasifika, har da share ido. Maza suka ɗauki makara suka nufi maƙabarta. Layi ya zama ba namiji sai tsofaffi biyu da ba sa iya tafiya.

Lissafinka ke nan. Maza sun tafi, mata kuwa a wurinka ba mutane ba ne.

Muna zaune a rumfar Iya Bose muna karɓar gaisuwa, sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar ɗakin mamaci, ƙaninka ke tuƙi. Ka shiga ka fito da akwatin shuɗi. Na tashi da gudu, zanina na kwancewa, na kama hannun akwatin.

Ka ce, "Hajiya, saki. Kayan shirka ne, ƙonawa za mu yi mu tsarkake unguwa."

Na ce, "Da izinin wa?"

Ka ce, "Mace ba ta shiga maganar gado."

Na ce, "Gadon ubanka ne? Yana da 'yar'uwa a Funtuwa. Ko ƙasa ba a gama tura masa ba!"

Iya Bose ta taso da ludayi tana zaginka da yare biyu. Ka fizge, na faɗi a kan gwiwa, keke ya tashi. Ga gwiwar nan a kumbure, duk matan rumfa shaida ne.

Na zauna ina cewa shi ke nan, wuta ta ci.

Ashe ba wuta ba ce. Bayan la'asar Bose, 'yar Iya Bose, ta zo da wayarta tana haki, ta ce, "Mama, duba." A wani shafin saye da sayarwa ne. Ga su nan duka a jere, an goge su tas, daga mai launin toka har na huɗun da ba a so. An shimfiɗa su a kan sallaya kore mai ƙunar turare a gefe ɗaya. Duk wanda ke salla a masallacinmu ya san sallayar wa ce.

Abin da za a ƙona ba a goge masa ƙura a ɗauke shi hoto.

Wani ya gaya maka masu tara tsofaffin kaya suna neman irinsu ido rufe, shi ne aljanu suka musulunta a hannunka.

Rubutun ƙasan hoton da Turanci ne, amma akwai kalma ɗaya da na gane tun kafin Bose ta buɗe baki, don Malam Sani ya sha nuna min ita yana cewa kada hannun kowa ya kai nan. Riset. Bose ta fassara min sauran: duk wanda ya saya, za a goge masa abin da ke ciki a ba shi kamar sabo.

Kamar sabo.

To saurara.

Ranar Alhamis ne sadakar uku. A ranar ce kuma dattawan unguwa za su ɗaure kayan mamaci su sa a motar albasa da ke komawa Arewa daga kasuwar Mile 12, a kai wa 'yar'uwarsa. Akwatin nan zai shiga motar, cikakke. Kaset mai launin toka zai zo hannuna yadda yake, ba a buɗe ba, ba a goge ba, ba a bar shi a rana ba.

In Alhamis ta yi ban gan shi ba, ni ke suyar wainar sadaka. Zan ajiye tanda in tsaya a ƙofar masallaci lokacin da aka fi cika, in faɗi sunanka da na ubanka da garinku. Ba na buƙatar lasifika, shekara nawa ina tallar waina a gefen jirgin ƙasa. Daga nan in wuce gidan sarkin Hausawa da matan rumfa a bayana da hoton sallayarka. Daga nan in dawo nan in rubuta sunan, harafi bayan harafi, tunda mutumin da ka kashe wa kasuwa ya yi sanadin da na iya.

Mata kuma mun riga mun gama magana. Mai koko, mai tuwo, mai fura, Iya Bose, ni. Daga yau kuɗinka ba ya sayen ko ƙosai ɗaya a layin nan. Ka aiko yaro, mun san kwanonka.

Na so in yi wa 'ya'yanka baki, na fasa. Ni uwa ce, na san abin da ake ji. Su Allah ya raya su, ya sa kada su gado ka.

Amma kai, Allah ya isa tsakanina da kai. Abin da ka faɗa a kan ɗana ban yafe ba. Ko ka dawo da akwatin, wannan na nan, sai mun tsaya gaban wanda ba a yi masa wa'azin ƙarya. Allah ya hana ka barcin da ka hana bawan nan. Allah ya sa duk inda ka ɗaga lasifika a tuna da sallayar kore.

Malam Sani ya ce laimar da aka yar ba godiya takan tashi ta nemi mai ita. Tatsuniya ce, na sani, laima ba ta tafiya. Shi ma ya kwanta, ba zai tashi ya bi ka ba, ko da rai ma ba halinsa ba ne.

Ni ce zan yi tsallen.

Yanzu ku jama'a. Ku yaran da kuka zauna a bencin nan, yau wasunku na tuƙa motar danfo, wasu na ofis, wasu na ƙasar waje. Kun ci wasa kyauta ranar da ba ku da ko sisi. Ku yaɗa rubutun nan. Masu sayar da kayan gem na Legas, in an kawo muku akwati shuɗi, ku riƙe shi ku neme ni. In kuma wani ya riga ya saya, ɗana, ba ni da faɗa da kai, ba ka sani ba. Roƙonka nake. Kada ka buɗe bayansa, kada ka danna komai. Batirinsa ya kusa ƙarewa, ga sabo a wurina, ga mai canzawa tana kwance a asibiti tana tambaya ta kullum ko Kawu Sani ya ce yaushe za a yi aikin. Ban san me zan ce mata ba in ta fito ta taras ba Kawu, ba gada.

Bose ta ce dole in faɗi yadda za a gane shi, don irinsa na da yawa. Na ce mai launin toka, takarda a yage. Ta ce, "Mama, duk haka suke. Sai kin faɗi abin da ke rubuce in an kunna."



Inna, ki yafe min in an karanta miki wannan a gida. Na riƙe kunyar nan yana raye, na riƙe ta bayan ya tafi. Yau ɓarawo ya sa na sake ta.

In ka kunna za ka ga ɗan mutum a kan gada da fitila. A samansa an rubuta Nura.

Nura. Ɗana.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sani, ka haskaka kabarinsa yadda ya haskaka wa yaron da ba ya iya gudu. Ka yafe masa kurakuransa, ka ba 'yar'uwarsa haƙuri. Ka haɗa shi da Nura a inda ba ciwo. Ka tashi kafaɗun Safiya. Duk wanda ya karanta ya ce amin, ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya sa 'yata a addu'a.

Wanda ya san inda akwatin yake ya yi min magana a nan, ko ya same ni wurin waina. Ina jiran amsa kafin Alhamis.

Batirin na ɗaure a bakin zanina.